Malam Haruna da Ruwan Kora Ƙwaya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ni, Shugaban Manyan Attajiran Bakin Iyaka, ina zaune a ofishina a Jibiya bayan la'asar aka shigo mini da labarin rasuwar Malam Haruna na Gangara. Na sallami baƙi.

Na san darajar Malam ta dalilin wani gida da ɗansu Sani ya sami taɓin hankali. Baffanninsa suka ce a tsallaka da shi wani ƙauye bayan Maraɗi inda ake ɗaure masu taɓin hankali da mari, don can babu wanda ya san su, magana ba za ta bazu ba. Mahaifiyarsa, Inna, ta ce aljannu ne, ayar Allah kaɗai ta yarda da ita. Ana ta wannan, Sani yana ɗaure a ɗaki.

Malam ya zo ya kwance igiyar da hannunsa. Ya dubi baffanni ya ce, "Kunyarku kuke nema wa magani, ba yaron ba." Shi ya raka Sani asibiti Katsina. Da aka dawo da ƙwayoyi Inna ta ƙi, bai yi mata gardama ba. Ya rubuta allo, ya wanke, ya miƙa mata ƙoƙo: "Ki ba shi ƙwayar, ya kora da wanga." Yakan ce wanda Ya saukar da ayar Shi Ya sanar da likita. A haka Sani ya koma awon gero a kasuwa.

Ba a naɗe tabarmin gaisuwa ba, baffanni sun fara cewa tunda mai rubutu ya tafi, sai a nemi motar tsallaka da Sani.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalansa haƙuri, Ya tsare marayunsa.

Batun ofis kuwa, babu shi. Ni Lawwali ne, ƙanen Sani, ɗan acaɓa, wanda Malam ya sha kamawa yana ɓoye wa mutane takalma a ƙofar masallaci. Na ari babbar riga ne don na san baffanni ba sa karanta maganar yaro. To Baffa, tunda kun kawo nan, ku ji: allon yana hannuna, ayoyin Malam ya koya mini. Na wanke na yau, Inna ta miƙa, Yaya Sani ya kora. Ranar ganin likita ni zan goya shi. Motar nan ku sallame ta.