Ranar da Baba ya taka jirgin yaƙi

Ko zan manta komai na zamana a Dubai, ban da ranar da na kai Baba kallon jirgin ruwan sojoji.

Daga Kano na kawo shi aka yi masa aikin gwiwa. Aiki ya yi kyau, amma tsohon nan ya kafe a keken guragu a ɗan falona na unguwar Muraƙƙabat, wai shi da tafiya sai a lahira. Likita kuwa ya faɗa mana ƙiri-ƙiri, in bai taka ba ƙafar za ta sandare. Na yi lallashi, na yi faɗa, a banza. Sai ya ce, "Uwata, khalas, in ji Larabawanku, magana ta ƙare. Miƙo mini shayi." Taurin kai dai a wurinsa na gada, ba ni da bakin magana.

Wani maƙwabcinmu ɗan Nijar ne ya ce jirgin yaƙin wata ƙasa ya tsaya a tashar jiragen ruwa, an bar mutane su shiga kallo. Ni don ya sha iska kawai na kai shi.

Jirgin irin mai buɗe baki ne. Gabansa ya wage, an sauke wani faffaɗan ƙarfe kamar gada, wanda motoci da sojoji ke bi su sauka a gaɓar teku. Baba ya ƙura wa ƙarfen ido. Na san ya yi soja, amma ban taɓa jin labarin zuwansa yaƙin Laberiya daga bakinsa ba sai a wurin.

"A cikin irinsa aka kai mu," ya ce. "Tun daga Legas muke amai. Da bakin ya buɗe, ruwa iya ƙugu, ga kaya a ka, haka muka fita."

Wani sojan ruwa ya kama keken zai tura shi ciki. Baba ya ture hannunsa.

"Uwata, gaya masa da ƙafata na sauka daga irin wannan. Ba za a shigar da ni kamar buhun masara ba."

Ya dafa kafaɗata ya miƙe. Ga gumi, ga mita, amma ya haye ƙarfen nan har ciki. Sojan ya ƙame ya sara masa. Daɗi ya sa ni hawaye a gaban jama'a, ko kunya ban ji ba.

Yau da ƙafarsa yake zuwa masallaci a Kano. Ashe duk lallashina tuna masa nake shi majinyaci ne, shi ya sa ya zauna. Tsoho ba tsoratarwa yake buƙata ba. A tuna masa ko shi wane ne, zai miƙe da kansa.