Dokar da Dakta Ba-Allura Ya Rubuta

A layinsu ba mai kiransa da sunansa, sai Dakta Ba-Allura. Mata sun sha kai masa yara masu zazzaɓi, ya ce shi ba irin wannan daktan ba ne, shi jini yake bincike. Mai shagon bakin layi ya ce ai sauro ma aikinsa ke nan, kuma ko firamare bai yi ba.

Ɗan mai gyaran agogo ne, a wurin ubansa ya gaji ƙanƙance ido a kan ƙananan abubuwa. Yana yaro sikila ta ɗauke masa ƙanne biyu, shi ya sa da ya girma ya bi ciwon har cikin ƙwayoyin gado, waɗanda iyaye ke miƙa wa ɗa tun yana ciki. Ɗakin aikinsa na can sama a bayan asibiti: firiza mai gurnani, 'yan kwalabe kamar ɗan yatsa, da fanka mai juyawa in ta ga dama.

Kafin aure ya auna jininsa da na budurwarsa, ya ga dukansu suna ɗauke da ciwon a ɓoye. Ya zaunar da ita ya yi mata lissafi, wai a kowane ciki haɗarin ɗaya ne cikin huɗu. Ta ce ita dai tana sonsa, aka yi aure. Yara uku suka zo lafiya lau, har mutumin ya fara ɗaga kafaɗa. Sai Auta ta zo da sikila, kamar dama lissafin na zaune a bakin ƙofa yana jiransa.

A wajen aiki kuwa abin ya karɓe shi. Ya gano wani ɗan bambanci a ƙwayar gado da ke sassauta wa wasu yara ciwon. Ya haɗa gwiwa da wani Farfesa na ƙetare, sunansa ya cika mujallun masana, ɗalibai na ambatonsa a ƙasashen da ko taswirarsu bai taɓa dubawa ba. Matarsa takan ce duniya duk ta amfana da shi, gidansa ne kawai bai gani a ƙasa ba.

Daga binciken nan aka haɗa sabon magani. Da aka zauna tsara yaran da za a fara gwada shi a kansu, Dakta ne ya kafe cewa duk yaron da ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa kada a sa shi, don maganin yana da ƙarfi, zai iya ƙarasa shi. Farfesa ya so a sassauta, shi kuwa har da buga tebur. Dokarsa aka rubuta.

Ba a jima ba, wata safiya kofi ya suɓuce daga hannun hagun Auta, bakinta ya karkace. Bakin ya dawo, hannun bai dawo duka ba.

Ranar da aka buɗe gwajin, Farfesa ya kira shi ta kwamfuta yana washe baki, ya ce Auta za a fara sawa. Dakta ya gaya masa abin da ya faru. Farfesa ya daɗe yana sosa gemu.

"Ka san dokar, abokina. Kai ka rubuta ta."

A gida matarsa ta tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Baban Auta, hannun da ya rubuta ai shi zai goge."

"Da a ce kuskure na rubuta, da na goge. In ta shiga, ba lallai ta fito ba."

Ta ce kafin aure ma lissafi ya yi mata, ta kuma saurara. Tun daga nan ba ta sake tambayarsa labarin aiki ba.

Yanzu kullum da safe 'ya'yan wasu yake zaɓa, iyayensu mata na sa masa albarka a barandar asibiti yana sunkuyar da kai. Kafin ya fita, shi ke ɓalla wa Auta maɓallan rigar makaranta, tunda hannu ɗaya ba ya iyawa. Rannan tana tsaye a gabansa ta ce,

"Baba, an ce maganinka ya fito."

"Ya fito, uwata."

"To ni yaushe?"

Ya ce ta tsaya da kyau, wai ya tsallake maɓalli ɗaya. Bai tsallake ba. Ya ɓalle su duka, ya sake farawa daga ƙasa.