Ragon suna da na ɗauko daga Kwanni

Ƙanwata tana aure a wata ruga bayan Kwanni, cikin Nijar, ni kuma ina Illela. Tun tasowarmu ba mu ɗauki can wata ƙasa ba, kuɗi ne kawai ke canzawa, nan naira, can sefa. Mijinta Bafulatani ne mai dabbobi, shi ya sa duk wadda ta sami 'yar tunkiya a danginmu can take kai ta kiwo. In ta haihu, wannan ɗa na mai kiwo, na gaba na mai tunkiya. Ta haka na sami ragona, fari mai baƙin wuya.

Lokacin da matar ɗana na fari ta haihu, kasuwa ta riga ta karye masa. Albasa yake saye da sayarwa, rufe iyaka da aka yi ya cinye jarin. Haihuwar fari ce, yarinyar ta tafi gidansu a Amarawa, can kuma za a kai ragon suna a idon surukai. Bai ce mini komai ba, ni ma ban ce masa ba, tunda ɗan fari ne, ko sunansa ba na kamawa. Amma na ga yadda yake sunkuyar da kai in an yi masa barka. Sai na ɗauki mayafina na nufi Kwanni.

Da zan taho, mijin ƙanwata ya ce in bari ya biyo da ragon ta burtali cikin garke, kamar yadda kowa ke yi. Na ƙi. Na ce abin sata ake bi da shi ta daji, wannan kuwa ɗan tunkiyata ne, da rana tsaka zan wuce da shi ta titi. Ya yi dariya ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Mun shigo Illela ke nan ni da ragon, kusa da kara inda ake cinikin dabbobi, wasu masu karɓar haraji suka tare ni. Suka tambayi inda ragon ya fito, na faɗa musu gaskiya. Ɗayansu ya tuntsire da dariya.

"Ashe Inna ke ma kina da ajiya ƙasar waje. Kin kai can don kar a biya haraji, ko?"

Suka ce ba takarda, ba a biya na shigowa ba, ga kuma tara. Abin da suka yanka mini, da ina da shi, da wani ragon na saya. Ina tsaye suka ɗaure shi suka jefa bayan mota yana kuka.

Washegari na tafi wurin jagoran jam'iyya na unguwarmu. Ni na san haihuwarsa, mun sha zama tabarma ɗaya da mahaifiyarsa a ajin yaƙi da jahilci. Na durƙusa a bakin zaure, na tarar da shi da mutanensa suna ta musu a kan abin da rediyo ya faɗa da safe. Wai an tono asirin wasu manya da suka kwashe dukiya suka ɓoye a wasu tsibirai na tsakiyar teku, da sunan kamfanonin da ba su da ƙofa balle shago, don kada hukuma ta ga abin da za ta cire haraji. Cikinsu har da wani babba na jam'iyyarsu.

Na daɗe a durƙushe, don haka duk na ji. Wani ya ce aikin maƙiya ne saboda zaɓe ya ƙarato. Wani ya ce ai ba sata ba ce, dabara ce, mai kuɗi ba ya barin ƙwansa inda kowa ke takawa. Shi kuwa jagoran cewa ya yi in an matsa wa irin waɗannan mutane guduwa za su yi da sauran, gara a lallashe su, a yi musu afuwa, su dawo da abin da suka ga dama.

"Dukiyatai ta, shi yan neme ta," in ji shi. "Mi al laihinai in ya aje ta inda hankalinai ya kwanta?"

Wannan zauren, waɗannan bakunan, su ne a zaɓen baya suka cika unguwa da lasifika suna cewa duk wanda ya kai kuɗi waje a ɗaure shi har ya tsufa, a ƙwace gidajensa a mayar da su asibiti. A lokacin na ɗaya jam'iyyar ne asirinsa ya tonu. Yanzu kuma 'yan waccan jam'iyyar, su da suka ce sharri ne a wancan karon, su ne ke kiran a ɗaure. Kamar masu ɗaka, wannan ta ɗaga taɓarya waccan ta sauke, turmi ne ke shan dukan.

Da ya waiwayo ya gan ni, ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ba shi labari. Ya tambaya ko sayarwa zan yi, na ce a'a, buƙatar gida ce. Ban iya faɗa a gaban maza cewa ɗana ya kasa sayen ragon suna ba. Wannan asirin ba nawa ba ne da zan tona.

"Inna, ke da kinka yi karatu, kin san doka doka ce," ya ce. "In kowa ya riƙa ɓoye dabbobi ƙetare, da mi gwamnati za ta yi muku aiki?"

Ni mace ce mai haƙuri, maƙwabta shaida ne ba a jin muryata ta kan katanga. Amma a ranar haƙurin ya kusa ƙarewa. Ban ƙi haraji ba. Shekara da shekaru ina biyan kuɗin rumfa a kan tiren ƙuli-ƙuli, ko na yi ciniki ko ban yi ba. Abin da ya ƙona mini rai, baki ɗaya ne, a zama ɗaya, ko ruwa bai kurɓa a tsakani ba, ya nema wa mai tsibiri afuwa, ya karanta wa mai rago doka. Na ce masa a hankali, to ni ma a lallashe ni mana, in kawo abin da na ga dama. Mazan suka yi dariya, suka ce Inna akwai barkwanci. Ba wasa nake ba.

Ya ce zai yi magana saboda mahaifiyarsa. Ya kuwa yi, amma sai da ya gama hidimominsa. Ana gobe suna aka sako mini ragon, bayan na sayar da 'yan kunnena na cika kuɗin tarar. Yana takawa na ga ƙafar baya tana lilo, ta karye tun jefawar da aka yi masa a mota. Na aika a tambayi liman, ya ce dabba mai gurguntaka a fili ba ta yi wa yankan suna.

Da safe aka raɗa wa jaririya suna a Amarawa, aka yanka wani ɗan bunsuru da kawun mai jegon ya bayar don kada a tashi haka nan. Ba wanda ya yi mana gori, surukanmu mutanen kirki ne. Sai dai kirkin nasu ya fi gori nauyi, don kowa ya san daga gidan da bunsurun ya fito. Ɗana ya karɓi addu'a, ya gaisa da mutane, ko loma bai kai bakinsa ba ya hau babur ya komo Illela. Har yarinyar ta gama wankan jego bai sake taka garin ba, ni na je na ɗauko masa matarsa da 'yarsa.