Sunan Ɗan Nubiti

Yayata Nubiti giya take dafawa a ƙauyenmu, tsallaken kogi daga birnin Wasit. Mace ce mai baki. In ka ce giyarta ta yi ruwa, sai ta ce, "To je ka sha ta uwarka mana!" Shekara goma sha ɗaya tana gidan miji ba ko ɓatan wata, sai ga ɗa namiji ranar da aka naɗa sabon Fir'auna. Don murna ta ɗauki sunan sarkin sukutum ta sa wa jaririn, yadda mutane da yawa suke yi.

Watansa takwas zazzaɓin bayan ambaliya ya ɗauke shi. Ta ba masassaƙi madubinta na tagulla, ya yi mata ɗan dutse da sunan yaron a jiki. Duk kwana goma sai ta haura maƙabarta da gurasa da giya, ta kira shi sau uku. Kowa ya sani, mamacin da aka daina kiran sunansa ya sake mutuwa ke nan, kuma daga wannan babu tashi.

Shi ma sarkin bai cika shekara biyu a kan mulki ba. Wanda ya gaje shi ya ce a kankare sunansa duk inda yake, wanda kuma ya furta shi a yanke masa hanci. Rannan muna maƙabarta sai ga mutumin sabon sarki da kurfin sassaƙa da guduma. Yaya ta rungume dutsen.

"Inna, matsa," in ji shi. "Ba da ɗanki nake ba."

"To da wa kake? Ka ga sarki a ramin nan? Ko haƙori bai yi ba!"

Ya sunkuyar da kai, ya ɓamɓare hannunta, ya buga sau huɗu, sunan ya goge. Shi ke nan.

Ba ta fasa ba. Shekara ashirin da shida tana haurawa, ta kafa baki a jikin dutsen ta raɗa sunan. Bakin nan nata ya mutu, ko ka kushe giyar sai dai ta dube ka.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta damƙe hannuna. "Auta, ke kaɗai kika rage da kika san shi. Kada ki bar min yaro." Na ce haba Yaya, ai ko ba ki faɗa ba.

Wayyo ni! 'Ya'yana biyu a rumbun haikali suke aiki, maƙabarta kuwa ba ta rasa masu kunne. Ina zuwa, ban taɓa tsallake rana ba. Nakan ajiye gurasar, in zuba giyar, in waiga hagu da dama, in buɗe baki, sai in rufe shi in sauko. Bana shekara tara ke nan babu wanda ya kira yaron nan.