Ƙararrawa a Ƙafar Ɗana

Tunda yaron nan ya fara rarrafe ban ƙara cin abinci a zaune ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, amma duk maƙwabtanmu a Kusasu sun san muryata a kansa. Ya tsoma hannu a toka mai zafi, ya ci kashin kaji, ya jawo tukunyar koko ta kife dab da ƙafarsa. Ranar da na same shi yana lasar murfin jarkar maganin feshi kuwa, da gudu na fizge ta, na wanke masa baki.

Maigida ya rataye jarkar a saman rumbu, ni kuma na kwantar da turmi a ƙofar madafa. Rijiyar tsakar gida ce ta rage. Tsohon kwanon rufi ne a bakinta da dutse a kai, kuma kullum maigida cewa yake bari a gama noma, zai sa mai walda ya yi mata murfi.

Matar da ke kawo mana nono ce ta ba ni dabara. Ta ce su ba sa bin ɗan maraƙi mai yawo, ƙararrawa suke rataya masa. Ta kawo mini wata ƙarama, na ɗaura masa a idon sawu da zaren buhu, na ƙulle tamau don kada ya kwance. Na ji daɗinta ƙwarai. Ina wanke-wanke ina jin inda malam ya dosa.

Wata la'asar da damina ina jan ruwa, sai muka ji ƙarar babura daga wajen daji, masu yawa. A garinmu ba a tsayawa tambayar ko su wane ne. Na saki guga, na suri yaron, ni da uwar mijina muka faɗa gonar dawa ta bayan gida muka kwanta.

Sai ya harba ƙafa. Ban taɓa sanin ƙararrawar nan tana da ƙara haka ba.

Uwar mijina ta matso da bakinta kunnena. "Cire masa abin nan, 'yar nan."

Ƙullin da na yi da hannuna ya ƙi ni. Zaren ya jiƙe, farcena ya karye. Na damƙe ƙafar, ya fara ƙananan kukan da na san abin da ke biyo bayansu. Na cusa masa nono, shi kuma ba ya sha sai yana wasa da ƙafa. Baburan sun iso daidai hanyar gidanmu, har muryoyi nake ji. Tsoro ya cika ni. Na jawo ƙafar zuwa bakina na ciji zaren har haƙorina ya kuje masa fata. Zaren ya tsinke, ƙararrawar ta zauna a bakina har ƙarar baburan ta yi nisa. Har yau ban san su wane ne suka wuce ba.

Da muka koma gida maƙwabta suka shigo, kowa na faɗin inda ya ɓuya. Uwar mijina ta ce kada in sake ɗaura wa jikanta wannan abu. Na ajiye yaron a tabarma ina ba su labari.

Can sai na lura kunnena yana jiran wani abu. Ƙararrawar tana hannuna, tabarma ba kowa. A lokacin na tuna ban mayar da kwanon rijiya ba.

Na same shi ya dafa bakin rijiyar, kansa da ƙirjinsa sun leƙa ciki, yana miƙa hannu ga igiyar guga. Ban kira shi ba, kada ya zabura. Na taka a hankali na cafke ƙafarsa, daidai inda na kuje.

Uwar mijina ta same mu a bakin rijiyar. Sannan ta buɗe hannuna ta ɗauki ƙararrawar, ta yagi bakin zanenta, ta ɗaura masa da kanta da ƙullin da ja ɗaya ke kwance shi.

"In sun dawo, nan za ki ja," ta ce.