Rasistar Motar Mijin Yayata

Shekarun farko da Dutse ta zama babban birnin jiha, ina da rumfar gyaran rediyo kusa da tasha. Mijin yayata direban babbar mota ne, yana ɗauko gero da dawa daga Aujara. Wata rana ya zo mini da sabuwar rediyo mai kaset, ya ce in ɗaura masa.

Na gaya masa motarsa batir biyu take ci, wutarta ta fi ƙarfin rediyon, sai an sa rasista ta rage ta. Kuma ƙananan nan masu zanen launi ba za su yi ba, don wutar da aka rage zafi take zama. Fara ake bukata, mai kauri kamar yatsa, mai wat da yawa don ta jure zafi, sai na shiga Kano zan samo. Ya ce ja masa rai nake yi. Ya ɗauki kayansa ya kai wa wani mai gyara a bayan kasuwa, wanda ya duba lamba kawai ya liƙa ƙarama.

Bai kai Kafin Hausa ba hayaƙi ya turnuƙe gaban motar. Waya ta narke, rediyo ta ƙone, har hannun rigarsa ya babbake. Da ya dawo tasha, kunya ta hana shi faɗin inda ya kai aikin. Sai ya ce aikina ne.

Direbobi suka daina tsayawa a rumfata. Na yi shekaru ina gyaran tocila da agogo. Da na je gidansa a Takur in yi masa magana, ya turo yayata ta ce barci yake, alhali ina jin tarinsa. Na koma gida na ƙudurce abin a raina. Ko sallar idi muka haɗu, hannu kawai nake miƙa masa, ba na duban fuskarsa.

Sai bayan an ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar ya dawo wurina. Lokacin kowane direba kaset ɗin wa'azi yake sawa, shi kaɗai motarsa shiru, kuma wancan mai gyaran ya bar gari. Ya tsaya bakin rumfa yana ta tambayar iyali.

Na ce, "Yaya, zan yi maka. Amma a inda ka ɓata ni, a nan za ka wanke ni."

Ya roƙi mu gama a tsakaninmu, na ƙi. Yayata ta zo har gida ta ce in duba girmansa. Na ce mata shi bai duba ƙanƙantata ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, direbobi na zaune a inuwar dalbejiya, ya miƙe ya faɗi gaskiya, muryarsa ƙasa ƙasa. Wani dattijo ya ce bai ji ba, ya maimaita. Ban taimake shi da ko kalma ɗaya ba. Ina tsaye ina kallonsa har ya gama, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Washegari na ɗaura masa farar rasistar da na samo a Kano a jikin ƙarfe, inda iska ke bugunta. Rediyon ta yi aiki har ya sayar da motar. Direbobi sun dawo rumfata sannu a hankali. Shi kuwa har ya rasu muna gaisawa, amma ban sake cin tuwon gidansa ba.