Ƙarfen Lahadi a Gidan Sodangi

Mutanen Gidan Sodangi ba su taɓa iya faɗin sunan Istifanus gaba ɗaya ba, sai suka datse shi ya koma Fanus, shi kuma bai yi gardama ba. Daga ƙasar Zuru ya zo da ƙuruciyarsa, lebura a bayan masu aikin hanya. Da aikin ya ƙare abokan tafiyarsa suka naɗe tabarma, shi ya kafa rumfa a gindin dogonyaro, bakin hanyar Kurawa, yana facin keke. Babur ya zo ya kori keke, ya koma facin babur. Ya je gida ya auro Rifkatu, a Gidan Sodangi suka haifi 'ya'yansu, a nan furfura ta cim masa.

Mutum ne mai sanyin hali, sanyin da kan ba mai sauri haushi. Ka kawo masa taya kana neman kasuwar Bafarawa kafin ta watse, zai tsoma roba a ruwa yana juyawa yana waƙar coci ƙasa-ƙasa, kai kuwa kana ta tsaki. Sai dai facinsa ba ya tashi, don haka masu tsakin ne ke komowa.

Bayan rumfar akwai ɗan ɗakin laka mai rufin kwano, shi ne cocinsu. Ba su da ƙararrawa. Wani tsohon ƙarfen ƙafar babbar mota Istifanus ya rataya a reshen dogonyaron, kowace Lahadi da hantsi ya kama guntun rodi ya buga. A da ɗakin kan cika da malaman makaranta da 'yan sanda da mai kantin magani da iyalinsa. Mutanen garin kuwa Musulmi ne kaf, tun suna kallon abin da mamaki har ya zame musu jiki. Mace tana cikin daka sai ka ji ta ce, “Ashe yau Lahadi, ga ƙarhen Fanus.” Bai taɓa fashi ba. Ya buga yana rawar zazzaɓi, ya buga cikin ruwan sama, ya buga har a makon da suka binne 'yarsu ta fari.

Sai daji ya lalace. 'Yan bindiga suka hana noma da kasuwa sakat, baƙi suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Faston da kan zo daga Sabon Birni a babur ya daina zuwa, ba a kuwa ga laifinsa ba. Markus, ɗan Istifanus da ke Sakkwato, ya yi ta kira a waya su taho. Coci ya rage daga shi sai Rifkatu, amma ƙarfe bai daina kuka ba.

Wata Alhamis cikin damina, gero ya kai tsayin mutum, wasu mutane suka tsaya a rumfarsa da tayar da ta sace. Fuskokinsu a naɗe da rawani, bakin bindiga na leƙowa ta ƙarƙashin riga. Ya yi facin bai ɗaga kai ba. Da za su tashi, ɗayansu ya ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa.

“Tsoho, kai na mai bugun ƙarhen ga?” in ji shi. “Har can cikin daji muna jin ka.”

Ya yi dariya suka tafi. Bai ce ya bari ba, bai ce ya ci gaba ba, shi ya sa maganar ta fi zagi nauyi. Istifanus ya ji tsoro, tsoro na gaske.

Ranar Lahadi ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, sannan ya zauna a bakin gado ya ce Rifkatu ta tura ƙyaure. Ya ce ai Allah na jin addu'ar cikin ɗaki.

“Shina ji, Baban Markus,” in ji ta. “Amma ba don haka kaz zamna ba.”

Suka yi addu'a suka yi waƙa murya ƙasa, waƙar ta ƙi daɗi. Hantsi ya wuce, rana ta fara zafi.

Can suka ji sallama a ƙofar gida, ta mutane da yawa, a hankali. Ya leƙa, sai ga maƙwabciyarsu Hajjo, tsohuwa mai fura, idonta jajir. Bayanta dattawan unguwa, wasu da diga wasu da shebur, ga Wada kafinta ɗauke da katako a ka da zarto a hammata.

Hajjo ta gan shi tsaye cikin farar riga, ta ja da baya tana salati. Wada ya sauke katakon a hankali.

“Mi ya hwaru?” in ji Istifanus.

Kowa ya sunkuyar da kai, sai Wada ya daure. “Inna Hajjo tac ce ka cika. Munka ga ƙohwa ruhe, ƙarhe bai yi kuka ba. Ba mu san yadda kuke naku zaman makoki ba, shi yas sa ba wanda ya shigo. Ni dai na tuna ku cikin akwati aka sa ku, tunda ni niy yi na ɗiyarka. Nic ce za ni kawo katako, kada a ce ba ka da kowa garin ga.”

“To mi kuka so in ce?” Hajjo ta ce cikin faɗa, tana goge ido da gefen zane. “Makon da ɗiyarshi tar rasu ma ya buga. Ni dai na san mutuwa kaɗai ka hana Fanus bugun ƙarhen nan.”

Dattawa suka kwashe da dariya, har da masu yi masa barka da dawowa daga lahira. Istifanus bai iya dariya ba. Kunya ce ta rufe shi, da wani abu mai daɗi da ya cika masa ƙirji. Mutanen da ba su taɓa taka cocinsa ba sun riƙe bangaskiyarsa da daraja fiye da yadda shi ya riƙe ta a safiyar nan.

Ya shiga ɗaki ya ɗauko guntun rodin. Tsoron bai tafi ba, yana tare da shi har ya isa gindin dogonyaro, Rifkatu na biye da shi. Ya dubi gonakin gero da suka miƙa har bakin daji.

Wada ya tattara katakonsa zai ɗora a ka.

“Bar shi nan, Wada,” in ji Istifanus. “Jingine shi bayan coci, inda ruwa ba ya taɓa shi. Duk Lahadin da kunka sake jin shiru, ba ku yi kuskure ba.”

Ya ɗaga rodin ya buga. Ƙarar ta tashi tsuntsayen da ke kan itacen, ta ratsa gonaki ta shiga daji. Ya sake bugawa, sannan ya buɗe wa matarsa ƙofar coci suka shiga.